Ƙafar Usama Bayan Dusar Ƙanƙara

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya halicci zafin Makka, ya kuma halicci wani sanyi da ban san akwai irinsa ba sai bara. Ina rubuta wannan ne saboda 'yan'uwanmu mazauna nan Makka, domin yanzu kowane hutu sai ka ji wani ya yanki tikiti zuwa ƙasashen duwatsu don ya ga dusar ƙanƙara. Mu ma da dariya muka tafi. Da muka dawo, ni ne na turo ɗan'uwana daga bakin jirgi a irin keken da shi ya saba tura mutane a ciki.

Sunana Nasiru. Daga Katsina na zo karatun hadisi, ina zaune a unguwar Ka'akiyya, gidan Gwaggo Rakiya. Kakanta da kakan mahaifina ciki ɗaya suka fito, nata kakan ya taho hajji a ƙasa ta Chadi da Sudan bai koma ba. Ɗanta Usama a nan aka haife shi, Larabcinsa ya fi Hausarsa. Sana'arsa tura arabiyya, wato keken da ake ɗora tsofaffi da marasa ƙarfi a yi musu ɗawafi da sa'ayi, lokacin hajji kuma yana Mina yana yi wa alhazai jagora. Mahaifinsa ya rasu. Da ƙafafun Usama gidan yake cin abinci.

Ina da abokin karatu, Nurbek, mutumin Kirgistan. Shi ya gayyace ni ƙauyensu a hutun tsakiyar shekara. Da Usama ya ji sai ya ce, "Ya Shehu, kai da ko Ɗa'if da ke kan duwatsun nan kusa ba ka iya zuwa don sanyi, kai za ka je ka ga talji ka bar ni? Wallahi ƙafata ƙafarka." Talji shi ne abin da suke ce wa dusar ƙanƙara a nan.

Ƙauyen su Nurbek a cikin wani kwari yake, duwatsu hagu da dama. Ba mu daɗe da isa ba iska ta taso da dusa, aka yi kwanaki ba a ganin gidan maƙwabta. Muna ɗaki kusa da murhu, muna shan shayi har ya gundure mu. Sai wata safiya gari ya waye tas, sama shuɗiya, rana tana ƙyalli a kan duwatsun har ido ba ya iya kallo. A wurinmu in ruwa ya ɗauke an gama, kowa ya fita harkarsa. Haka muka ɗauka.

Nurbek zai kai wa kawunsa gishiri da gari a garken tumaki can saman kwarin. Ya ce mu zauna. Usama ya ce shi bai biya kuɗin jirgi don ya kalli murhu ba. A wurin mutanen can hana baƙo abu yana da nauyi, don haka Nurbek ya ɗauki shebur ya kai mu wani ɗan tudu a bayan gida, ya sare dusar daga sama har ƙasa ya ce mu duba. Ashe hawa-hawa take. Ta sama, wadda iska ta daddanne, tauri gare ta, ana yanka ta kamar sandar sabulu. Ta ƙarƙashinta kuwa, tsohuwar, da na sa hannu sai ta zube kamar sukari. Ya yanko wani gefe ya buga shi da tafin hannu, sai ta saman ta sulale gaba ɗaya ta faɗo gabanmu. Ni dai abin da ya zo mini a rai shi ne faranti da aka ɗora a kan tsabar gero a gangare.

"Haka duk jikin dutsen nan yake yau," in ji shi. "Ranar da sama ta fi kyau bayan iska, ranar dutse ya fi mugunta. Za mu bi tsakiyar kwari. Inda na sa ƙafa nan za ku sa. Kada wanda ya hau gefe."

Usama ya yi dariya, ya ce Larabcin Nurbek kamar ana karanta huɗuba. Amma ya ce ya ji.

Akwai abin da Nurbek bai sani ba game da mutanen Makka. Su kwari suke tsoro. In aka yi ruwa mai ƙarfi a kan duwatsun nan, ambaliyar da suke kira saili takan biyo kwari ta kwashe motoci, kuma Usama ya gani da idonsa yana yaro. Abin da mahaifinsa ya koya masa ke nan tun yana ƙarami, in ka ji ruwa kana kwari, hau sama, kada ka tsaya tambaya.

Mun yi nisa, Nurbek a gaba, ni a tsakiya, Usama a baya. Inda kwarin ya ɗan tsuke sai muka fara jin gudun ruwa a ƙarƙashin ƙanƙara.

"Nasiru, ka ji?" in ji Usama, muryarsa ta canja. "Rana ta fito. Abin nan duk zai narke ya zo mana."

Na tambayi Nurbek, ya ce rafi ne, kullum haka yake, ko kusa bai isa ya cika ba. Na gaya wa Usama, muka ci gaba. Da na sake waiwayawa, ba ya bayana. Yana can jikin gangaren dama, yana hawa yana nutsewa har gwiwa.

"Ku hawo nan, ya fi aminci," ya ce.

Nurbek ya daka masa tsawa ya tsaya inda yake. Sai muka ji wani dim, kamar an yar da buhun hatsi a cikin ɗaki, amma daga ƙarƙashin ƙasa ya fito. Na ga wata tsaga ta buɗe a saman kan Usama, ta ruga hagu da dama kamar ana yaga farin ƙyalle. Gangaren gaba ɗaya ya motsa. Na ga jar rigarsa ta juya sau ɗaya, daga nan ban ƙara ganin komai ba sai farar ƙura da ƙara.

Na yunƙura zan ruga, Nurbek ya riƙe ni, idonsa a kan inda rigar ta ɓace, har ya tabbatar sauran dusar ba za ta biyo baya ba. Sannan muka tafi. Dusar da ɗazu take kamar gari yanzu ta daskare kamar siminti. Shi yana haƙa da shebur, ni da hannu. Safar hannunsa muka fara gani, sannan hannun. Da muka kai ga fuskarsa, bakinsa cike yake da dusa, leɓensa sun yi shuɗi. Nurbek ya ƙwaƙule masa baki da yatsa. Ya yi tari. Ban taɓa jin sautin da ya fi wannan tarin daɗi ba.

Ƙafarsa ta hagu ta karye a ƙasan gwiwa. Ta dama kuwa dusar ta fizge takalmin har da safa. A kan dokin kawun Nurbek aka sauko da shi, hanyar gari kuma a toshe take, sai washegari muka isa asibiti. Ƙafar dama ta yi fari fat, ta yi tauri kamar kitsen da ya kwana. Likitan can ya ɗaure karayar, ya jiƙa ɗaya ƙafar a ruwa mai ɗumi kaɗan, ya ce ta bakin Nurbek, kada a murza ta, kada a kai ta kusa da wuta, kada ruwan zafi ya taɓa ta.

Makon farko a Makka gidan bai rabu da 'yan dubiya ba. Na gaya wa Gwaggo abin da likita ya ce, ta ce to. Amma Gwaggo ita ce mai gashin ruwan zafi ta unguwarmu. Mai jego, mai targaɗe, mai ciwon baya, duk wurinta ake zuwa, kuma suna samun sauƙi. A saninta, in sanyi ya shiga jiki, zafi ne ke fitar da shi.

Wata rana na dawo daga darasi bayan azahar, na tarar da bokiti yana tururi a tsakar ɗaki. Ta kwance bandejin, tana tsoma tawul tana dannawa a ƙafar. Usama yana kishingiɗe yana danna waya.

"Gwaggo, me ake yi?"

"Sanyin nake cire masa, Malam ƙarami. Ka gani, daɗi ma yake ji. Ko motsi bai yi ba."

Na sa yatsa a ruwan, na fizge shi da sauri. Na ce, "Gwaggo, ba ya ji ne. Ko wuƙa aka sa masa ba zai ji ba."

Ta dubi tawul ɗin, ta dubi ɗanta. "Usama, ba ka jin zafi?"

"Wane zafi, Ummi?"

Kafin la'asar bayan ƙafar da yatsun duk sun tashi sun yi ruwa.

Muka kwashe shi zuwa sashen gaggawa. Mun yi zaman jira har na rasa yadda zan gyara masa zama, ga ƙafa ɗaya a filasta, ga ɗaya tana tsiyaya. Likitan da ya gan mu matashi ne. Yana buɗe ƙafar ya ce, "Sukari?" Muka ce ba shi da ciwon sukari, sanyi ne. Ya dube mu kamar muna masa wasa. Ban ga laifinsa sosai ba, a Makka duk yatsan da ya yi baƙi ciwon sukari ne ya ci shi. Na miƙa masa takardar asibitin can, amma da rubutunsu take, ba mai iya karantawa. Ya ce a ganinsa gara a yanke daga saman idon sawu tun abin bai hau ba. Usama ya kafa wa silin ido.

Allah ya taimake mu aka ce sai babban likita ya gani. Shi dattijo ne, ya ce ya taɓa aiki a ƙasar sanyi. Ya daɗe yana duba ƙafar, yana latsa nan da can. Maganarsa har yau tana kaina.

"Kada ku ja wa nama iyaka. Shi zai ja wa kansa. Abin da ya mutu zai bushe ya ware, mai rai zai tsaya, za ku ga layi a tsakaninsu. Sai mun ga layin za mu yanke."

Usama ya tambaye shi ko zai sake tura arabiyya. Ya ce in babban yatsa ya tsira da tudun da ke ƙarƙashinsa, zai tura. In kuwa muka ji wari, ko zazzaɓi, ko muka ga ja yana hawa sama, mu zo ko wane lokaci ne, kuma a ranar shi ma inda matashin ya nuna zai yanke. Ya hana shi taba sigari ko kara ɗaya.

Daga nan rayuwarmu ta koma kallon babban yatsa. Kowace safiya kafin in tafi darasi nakan kwance bandejin, in wanke da ruwan gishirin asibiti, in shafa magani, in sa auduga tsakanin yatsun. A mako na biyu ƙananan yatsun suka yi launin dabino. A na uku suka koma gawayi, suka ƙanƙance, in ka ƙwanƙwasa su kamar itace. Baƙin kuma bai tsaya ba. Yana matsowa a hankali wajen babban yatsa.

"Ya Shehu, yau ina ya kai?" Haka yake tambaya kullum, fuskarsa a bango.

"Yana nan inda yake."

"Kai ɗalibin hadisi ne, kada ka yi mini ƙarya."

"Ya ɗan matsa."

Shawara kuwa ba irin wadda ba mu sha ba. Baba Isa, maƙwabcinmu mai sayar da turare, ya ce a kai shi wajen wani mai lalas da ƙarfe a unguwar Zahir, wuta ce maganin naman da ya mutu. Wata ƙawar Gwaggo ta kawo kwaɓaɓɓen lalle ta ce a ƙunsa masa, yana janye dafi. Da an ƙunsa, da ba wanda zai ƙara gane launin naman. Gwaggo ce ta tare ta a bakin ƙofa.

"Hajiya, na gode, Allah ya saka. Amma ba mai ƙara taɓa ƙafar nan. Ni ma na taɓa na gani."

Tun ranar gashin ba ta ƙara shiga ɗakin lokacin wanki ba. Takan kawo ruwa ta ajiye, ta tsaya a bayan ƙofa tana jan carbi.

Kashe kuɗi bai tsaya ba. Bandeji da auduga kullum ƙarewa suke, kowane zuwa asibiti sai an ɗauki mota ta musamman saboda ƙafafu biyu ba sa lanƙwasuwa a ƙaramar tasi. Wani lokaci mu je a ce ranar ganin likita ta canja, ba wanda ya sanar da mu. Ga azumi ya shigo, lokacin da masu arabiyya suke samun na shekara, shi yana kwance. Gwaggo ta koma daka yaji da dama kunu tana aikawa kasuwa, ga ciwon gwiwa. Abokan sana'arsa sun yi zumunci, Allah ya biya su, sukan zo bayan sun tashi aiki su cusa abin da ya samu a ƙarƙashin matashinsa, su tsokane shi cewa tsofaffin Harami sun huta da gudunsa.

Akwai kuma ciwon da ba a ƙafa yake ba. Usama ya daina yarda a rufa masa bargo har ƙirji. Ƙofa ba ta rufuwa. In na'urar sanyaya ɗaki ta tashi da ƙara sai ya zabura. Wata rana da hantsi, ba tare da na tambaye shi ba, ya ce, "Ka san ba duhu a ciki? Shuɗi ne. Ina jin takunku a kaina, ina kiran sunanka, ba ka ji. In na fitar da numfashi sai abin ya ƙara matse ni, ba wurin mayar da wani." Na kama hannunsa kawai.

A tsakiyar azumi abin da muke tsoro ya zo. Na kwance bandeji da safe na ji wari, jikinsa zafi rau, ga ja ya haura bayan ƙafar. Baƙin ya kai gindin babban yatsa. Aka kwantar da shi aka sa masa ruwa da allurai. Dattijon likitan ya zaro biro ya zana layi a fatar, daidai inda jan ya tsaya.

"In ya tsallake wannan zuwa gobe, za mu shiga tiyata."

Yinin nan ban iya karanta ko shafi ɗaya ba. Ina zaune a gefen gadon, in ɗaga zanen in duba layin biron, in sauke, in sake ɗagawa, har wata ma'aikaciyar jinya ta ce in bar ƙafar ta huta, kallo ba ya hana ja tafiya. Ita ce kuma ta kawo mini dabino da ruwa da aka kira magariba, don na manta ina azumi. Gwaggo tana kan darduma a lungu. A nan ta yi alwashin umara in ɗanta ya taka da ƙafarsa.

Da safe jan bai tsallake layin ba. Washegari ya ja da baya kaɗan. Bayan wasu kwanaki iyakar da likita ya faɗa ta fito sarai, ta zagaye ƙananan yatsu uku, ta bar babban da na kusa da shi.

Bayan ƙaramar salla aka cire yatsun ukun. Da likita ya fito, Gwaggo ta tare shi da Larabcinta na Makka, ta yi tambayar da na san ta daɗe tana cin ta.

"Daktur, ruwan zafina ne ya cinye su?"

Ya ce, "Biyu sanyi ya riga ya ɗauke su tun a can. Na ukun, ya Hajja, Allah ne ya sani."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka a gabansa ba.

Ga wanda zai je waɗannan ƙasashe, abin da zan ce kaɗan ne. Tsoron da ka taso da shi na garinku ne, dutsen wasu bai san shi ba. Usama ba ganganci ya yi ba, abin da ya ceci mutane a Makka shi ya yi, shi ne kuma ya kusa kashe shi. In an yi kwanaki ana zuba dusa da iska sannan gari ya washe, kada kyan rana ya ruɗe ka, ka nisanci gangare, ka sa ƙafa inda ɗan gari ya sa. In kuma sanyi ya kashe wa wani gaɓa, kada a gasa, kada a murza, domin naman da ba ya ji ba zai gaya maka kana ƙona shi ba.

An cire wa Usama filastar hagu, ya koyi tafiya da sanda, daga baya ya ajiye ta. Amma tafin ƙafar dama ya ƙi dawowa, ya ce kamar a kan katifa yake takawa. Likita ya ce wataƙila ya dawo, wataƙila a'a, kuma mai ƙafar da ba ta ji bai kamata ya yini yana turi ba, zai ji rauni bai sani ba. Hajji kuwa yana matsowa.

Ana cikin haka Gwaggo ta ce za ta cika alwashinta. Wani abokin Usama ya tura ta a ɗawafi saboda cunkoso. Da muka zo Safa, Usama ya kama hannun keken.

"Ni zan tura ki, Ummi."

"Ba za ka tura ni ba. Ka bar ƙafar nan."

"Na tura tsofaffin duniya, ke ce zan bari? Zauna da kyau, Hajiya, ba na karɓar kuɗi sai an isa Marwa."

Ya tuɓe takalmansa ya miƙa mini. Muka fara gangarowa a hankali, yana ɗan ɗingishi, ina gefensa idona a kan ƙafar. Mun kai wajen korayen fitilu sai ya tsaya cak. Na ce ko ɗinkin ne ya buɗe.

Ya ɗaga ƙafar, ya sake ajiye ta a kan dutsen daɓen, ya danna.

"Nasiru," ya ce a hankali, "ashe wurin nan da sanyi."

"Wace ƙafar?"

"Ta dama."

Gwaggo ta ja mayafinta ta rufe fuska. Kafaɗunta suna rawa. Can ta ce, daga cikin mayafin, "To tura mana, ya waladi. Mutane na bayanmu."

Ya tura. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa Nurbek da iyayensa da alheri.